Ra'ayi: Wace mujalla za a kai wa Inna a Maikujera?

A ɗauka wani ɗan Maikujera ne, ta Ƙaramar Hukumar Rabah, da ke aiki a Sakkwato ko Kaduna, ya shirya zuwa gida hutun Sallah. Ya sayi atamfa da turare da sabulu, ya sayi alawa saboda yara. Sai ya tuna cewa mahaifiyarsa ta shiga Islamiyyar matan aure shekara biyu da suka wuce, yanzu tana haɗa baƙi, har tana karanta sunan wanda ya kira ta a waya. Ya ce bari ya ƙara mata da abin karantawa cikin tsarabar. Ya tsaya wurin mai sayar da jaridu, ya tambaya ko akwai mujallar da ta dace da mace 'yar shekara 48.

Mai jaridar zai duba teburinsa sama da ƙasa. Zai nuna masa jaridun siyasa. Zai nuna masa mujallar Turanci mai sheƙi, da amarya a bangonta. Idan an yi sa'a zai zaro littafin soyayya ko na addu'o'i. Daga nan sai ya ce, "Alhaji, irin wadda kake nema kam babu."

Gaskiya ya faɗa. A kasuwar rubutun Hausa ta yau, macen da ta haura arba'in ba ta da rumfa. Kuma wannan giɓi ya wuce batun nishaɗi, domin yana taɓa lafiyarta da dukiyarta da rayuwar duk waɗanda ke ƙarƙashinta.

Abin da ke kan tebur

Ba a rasa mujallu a Arewa ba. Mujallar Fim tana fitowa tun watan Maris na 1999, kuma ta san masu karatunta: masu bibiyar harkar finafinan Hausa. Mujallu irin su Tozali suna fitowa da Turanci, suna nuna ado da bukukuwa da matan da suka yi fice, su ma sun san nasu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana da mujallarta, amma da Turanci. Jaridun Hausa kuwa, har da wadda mai karatu ke dubawa a wayarsa yanzu, suna ware wa mata shafi. Sai dai duk wanda ya bi irin waɗannan shafuka na wata guda zai ga inda suka fi karkata: girki, kwalliya, gyaran jiki, yadda za a riƙe miji, yadda za a zauna da kishiya.

Babu laifi a cikin ko ɗaya. Laifin shi ne duk an ɗinka su ne daidai jikin mace guda, wato budurwa ko amarya, 'yar birni, mai babbar waya. Hatta gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ta fara a 2016 ta kuma fito da marubuta mata masu yawa, a shekarun baya-bayan nan an taƙaita ta ga masu shekara 18 zuwa 35. Masu gasar suna da hujjarsu ta ƙarfafa matasa. Amma idan aka tara komai wuri ɗaya, saƙon da ke isa ga 'yar hamsin shi ne ta gama yayi.

Marubutan Hausa sun taɓa nuna cewa labarin irin wannan mace yana da kasuwa. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da *Alhaki Kuykuyo Ne*, labarin Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora bayan ya yi amarya, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Littafin ya karɓu, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Shekara fiye da 30 ke nan da fitowarsa, amma har yau irin su Rabi ba su samu mujallar da za ta riƙa yi musu magana duk wata ba.

Wace ce wannan matar?

A ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo, macen da ke tsakanin shekara 40 da 60 ita ce ginshiƙin gida, ko da ba a kiranta da wannan suna. Ita ke riƙe adashen unguwa. Ita ke turke rago tun bayan ƙaramar Sallah domin ta sayar a babba. Ita ke gyaran shinkafar da aka nomo a fadamun Rima, ita ke soya ƙuli-ƙuli, kuma sau da yawa kuɗinta ne ke cike jarin albasa da tafarnuwar da ɗanta zai noma da rani. Idan za a aurar da yarinya, ita ta san inda kowane kwano zai fito.

Ita ce kuma likitar farko a gidan. Idan naƙuda ta yi tsawo, bakinta ne ke cewa a nemo mota ko a ƙara jira, kuma wannan jiran shi ne hanyar da yawancin matan da ke kwance a sashen yoyon fitsari na Asibitin Maryam Abacha da ke Sakkwato suka bi. Idan 'yarta ta haihu, ita ke tsaya wa wankan jego, ita ke dama kunun kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wannan bayani ya daɗe a littattafan likitoci, amma kakar jaririn, wadda ludayin ke hannunta, ba a rubuto mata shi da harshen da take ji ba. Haka lokacin da Najeriya ta fara rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, a gidaje da yawa amincewar uwa ko kaka ce ke sa a miƙa hannun yarinya ko a ɓoye ta a ɗaki.

Sannan ga nata jikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata kan daina al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55. Lokacin yakan zo da zafin da ke taso wa mace farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci, da saurin fushi. Macen da ba a taɓa yi wa bayani ba tana iya ɗauka sammu ne ko iska, ta kwashe kuɗin adashenta ta kai inda ba magani. Ba kowace ta san cewa jinin da ya dawo bayan an shekara da ɗaukewarsa alama ce da ke bukatar a ga likita ba tare da jinkiri ba. Ba kowace ta san cewa hawan jini kan daɗe a jiki bai nuna alama ba sai ranar da ya kayar da mutum, ko cewa gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Rashin tsaro ya ƙara mata kaya. A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi, cikin Rabah, dubban mutane suka gudo garin Gandi. Ranar 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. Bayan kowane irin wannan hari akwai matan da suka kwana matan aure suka wayi gari masu takaba, da marayu a gabansu. Irin wannan mace tana bukatar ta san cewa bayan wata huɗu da kwana goma na takaba tana da tumuni a dukiyar mijinta idan ya bar 'ya'ya, ko rubu'i idan bai bari ba, kuma gona tana cikin dukiyar da ake rabawa. Tana bukatar ta san cewa idan ɗanta ne ya rasu ya bar 'ya'ya, tana da sudusi. Wannan ilimi yana cikin Risala, malamai sun san shi sarai. Amma ranar rabon gado a zaure ake zama, ita kuwa tana cikin gida.

Wa ya cike gurbin?

Inda babu mujalla, ba shiru ake yi ba. Akwai masu yi wa wannan mata magana kullum, kuma sun fi kowa sanin damuwarta. Mai tallar magani da lasifika a ranar kasuwa ya san tana fama da ciwon gwiwa da jiri. Mai sayar da kayan mata ta san tana tsoron a yi mata amarya. Mai man shafawa ya san an sa mata a rai cewa hasken fata ne ke tsare aure, duk da cewa a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a san mai shi ba, yana shigowa wayar jikanta da labarin ganyen da ke warkar da ciwon suga cikin kwana bakwai.

Duk waɗannan suna yin abin da mujalla ya kamata ta yi. Suna zuwa a kai a kai, suna magana da Hausar da take ji, suna taɓa abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya. Bambancin kawai shi ne su aljihunta suke hari.

An ga illar wannan lokacin sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023. Matan karkara da dama ba su da asusun banki, ajiyarsu tana cikin ƙulli ko ƙarƙashin akwati. Bayanin wa'adi da yadda za a yi ya fi yawo a Turanci da kafafen birni, jita-jita ce ta riga shi isa ƙauye. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wancan lokaci masu adashe da masu ƙananan sana'o'i sun ɗanɗana kuɗarsu.

"Ai ba su iya karatu ba"

Wannan ita ce amsar da ke fara fitowa duk lokacin da aka tayar da zancen. Akwai gaskiya a ciki. Sakkwato na cikin jihohin da suka fi yawan matan da ba su yi boko ba, kuma abin ya fi tsanani a karkara da kuma tsakanin manya.

Sai dai wanda zai kafa wannan hujja, bai kamata ya kafa ta a ƙasar Wurno ba. A nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan aka binne shi a 1837, kuma a nan 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta zauna tare da mijinta Waziri Gidado. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta fuskanci matan karkara da ba su iya karatu ba, a lokacin da babu injin buga littafi, babu mota, babu rediyo. Ba ta jira sai sun iya karatu ba. Ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Fulatanci a kan tauhidi da sallah da tarihi da kyawawan ɗabi'u, ta tsara su yadda za a iya haddacewa. Ta zaɓi shugaba daga kowane gari, ana kiranta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin shaidar izini. Jaji takan jagoranci ayarin mata zuwa wurin Nana, su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ke gida. Su ne ake kira 'Yan Taru.

Abin lura shi ne su wa Nana ta dogara da su. Matan da ke tsakiyar haihuwa da reno ba su cika samun damar tafiya ba. Ayarin ya ƙunshi 'yan matan da ba su kai aure ba da kuma dattawan mata, kuma daga cikin dattawan ake naɗa jaji. Wato macen da kasuwar mujallu ta yau ta ajiye gefe, ita ce wadda Nana Asma'u ta ɗora wa amanar ilimi. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Baturiya Jean Boyd, wadda ta yi shekaru a Sakkwato tana bincike a ƙarƙashin Waziri Junaidu, ta rubuta tarihin wannan tsari a littafinta na 1989, kuma yau ana koyar da shi a jami'o'in Amurka da Ingila.

Darasin a fili yake. Rubutu ɗaya yana isar mata ashirin idan akwai guda da za ta karanta a bayyane. A kowace unguwa ta Maikujera za a samu malamar Islamiyya, ko matar malamin firamare, ko jikar da ke sakandare. Akwai kuma matan da suka yi allo, waɗanda ba su san boko ba amma suna gane baƙaƙen Larabci, kuma shafi biyu na ajami zai yi musu amfani. Kamfanin Triumph na Kano ya taɓa fitar da jaridar Alfijir da ajami tsantsa, saboda haka ba sabon abu ba ne.

Akwai wani dalilin da ba a cika ambata ba. Daga wajen shekara 40 ido kan fara gaza ganin ƙananan rubutu na kusa. Mace tana iya karatu sarai amma ta daina, saboda baƙaƙen sun zama hazo, a ɗauka ta manta ne. Tabarau mai sauƙin kuɗi, bayan an gwada ido, yana dawo da ita. Duk mujallar da za a yi wa masu wannan shekaru da ƙananan baƙaƙe, tun daga nan ta nuna ba ta san su ba.

Rediyo da waya fa?

Hujja ta biyu ita ce zamanin takarda ya wuce, rediyo da waya sun wadatar. Babu mai musun ƙarfin rediyo a ƙasar Hausa. Rediyon Rima da sauran tashoshin Sakkwato suna shiga inda jarida ba ta taɓa shiga ba. Amma maganar rediyo iska ce. Idan likita ya yi bayanin alamomin ciwon suga da hantsi, lokacin da Inna ke wurin surfe, ya wuce ke nan. Takarda kuwa tana jira. Ana ajiye ta a ƙarƙashin filo, a ɗauko bayan wata uku lokacin da bukata ta taso, a aika wa ƙanwa a wani gari.

Waya kuma a gidaje da yawa ta maigida ce ko ta saurayin ɗa. Mace 'yar hamsin ba za ta ce wa ɗanta ya bincika mata dalilin bushewar gaba ko fitsarin da ke zubo mata idan ta yi tari ba. Kunya ba za ta bari ba. Sannan mutanen gabashin Sakkwato sun san yadda waya ke zama dutse. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har da Rabah da Goronyo. Duk wanda iliminsa ke cikin intanet kaɗai, a makonnin nan ya zauna hannu rabbana.

Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa su. A buga a takarda, a kuma naɗi muryar mace tana karanta kowane shafi, a tura ta WhatsApp ko a zuba a katin waya, kamar yadda ake yi da wa'azi da littattafan Hausa.

Wasu sun gwada, ya yiwu

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa fitar da ƙananan jaridu na larduna domin sababbin masu karatu: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato. Gwamnatin da ta yi wannan tana ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah. Mutanen wancan lokaci sun gane cewa koya wa babba karatu ba tare da ba shi abin karantawa ba kamar haƙa rijiya ne a hana guga. Yau ana yaye mata daga azuzuwan ilimin manya, a ba su takardar shaida, su koma gida babu abin da za su buɗe.

A Indiya, a 2002, wasu matan karkara a gundumar Chitrakoot ta Jihar Uttar Pradesh suka fara wata ƙaramar jarida mai suna Khabar Lahariya da harshen yankinsu. Da yawansu ba su daɗe da koyon karatu ba. Su ke neman labari, su rubuta, su bi ƙauyuka suna sayarwa. A 2009 hukumar UNESCO ta ba su lambar yabo ta yaƙi da jahilci, daga baya suka koma intanet da bidiyo. A Japan kuma, mujallar Halmek da ake yi domin matan da suka haura 50 ta shiga gaban sauran mujallun mata wajen yawan masu saye, alhali ba a ajiye ta a shaguna, sai dai mace ta biya a riƙa aiko mata gida. Chitrakoot ta talakawa ce, Japan ta masu hali, amma abu ɗaya suka nuna: idan aka yi wa babbar mace magana da mutunci a kan abin da ya dame ta, za ta saurara, har ta biya.

Ma'aunin mujalla mai amfani

Ko an samu mujallar a kasuwa, ko wani ya yi niyyar kafa ta, ga tambayoyin da za a auna ta da su.

Na farko, za a iya karanta ta a bayyane a tsakar gida, gaban suruka da jika, kowa ya fahimta ba tare da an nemi mai fassara ba? Idan kowane layi sai an cusa Turanci, ba ta Inna ba ce.

Na biyu, wa ya faɗi maganar? Bayanin lafiya ya zo da sunan likita ko ungozomar asibiti da inda take aiki. Bayanin gado da idda ya zo da sunan malami ko malama da littafin da aka ɗauko shi.

Na uku, me take sayarwa? Idan shafin da ke bayanin ciwo yana maƙwabtaka da tallar maganin da ke warkar da cuta goma, to kasuwa ce aka yi wa rigar mujalla.

Na huɗu, akwai lissafi a ciki? Mai kiwo tana son sanin abin da rago zai ci a wata huɗu da ribar da za ta rage. Mai adashe tana son sanin yadda ake buɗe asusu, da dalilin da ya sa ba a ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki yake kira.

Na biyar, ana jin muryar matan da kansu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mujallar da 'yan birni za su zauna su rubuta wa matan ƙauye nasiha daga sama ba za ta kai bugu na uku ba. A bar shafin tambayoyi da ba a sa suna, a bar shafin da tsohuwa za ta ba da tarihin garinsu, a bar labari mai daɗi da wasa ƙwaƙwalwa, domin ita ma tana son dariya.

Wa zai ɗauki nauyi?

Hujja ta ƙarshe ita ce kuɗi, da cewa mutanen da ke fama da tsadar abinci da 'yan bindiga ba mujalla ce ta dame su ba. Gaskiya ne takarda ta yi tsada. Amma abin da ake magana a kai shafi 16 ne, baƙi da fari, da manyan baƙaƙe, sau ɗaya a wata. Idan aka buga kwafi 1,000, kowane ya shiga hannun malama ɗaya mai mata 20 a gabanta, an kai ga mata 20,000. Kuɗin bai kai na allunan taya murna da ake kafawa a titunan Sakkwato duk lokacin da aka naɗa wani muƙami ba. Game da yunwa kuwa, macen da ta san haƙƙinta a gona, ta daina zuba kuɗi a maganin bogi, ta kai 'yarta asibiti da wuri, ta rage wa gidanta asara ne.

Masu iya aikin suna nan. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da masana Hausa, asibitin koyarwarta yana da likitocin mata. Hukumar ilimin manya ta jiha tana da azuzuwa, FOMWAN da makarantun Islamiyya suna da malamai mata har cikin ƙauyuka, su ne jajin wannan zamani. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana iya karɓar waƙafin da wani mai hali zai ware domin wannan. Jaridun Hausa kuma suna iya farawa da abin da ba ya cin ko kwabo: shafi ɗaya a mako domin matan da suka haura arba'in.

Sharaɗi ɗaya ne. Kada ta zama mujallar matar gwamna ko ta shugaban ƙaramar hukuma. Ranar da hoton mai mulki ya hau bango, ranar ta fara mutuwa, domin za ta tafi tare da wa'adinsa, kuma matan za su gane tun daga bugu na farko cewa ba dominsu aka yi ba.

Kafin a kai can

Ɗan Maikujeran nan da ya tsaya wurin mai jarida ba sai ya koma gida da atamfa kaɗai ba. Wayar da ke hannunsa cike take da bayanan likitoci da malamai da jaridun Hausa suka riga suka wallafa, a warwatse. Ya zaɓi guda biyar da ya tabbatar da tushensu: ɗaya kan hawan jini, ɗaya kan ɗaukewar al'ada, ɗaya kan gado, ɗaya kan 'yan damfarar waya, ɗaya kuma labari mai daɗi. Ya kai shagon buga takardu, ya ce a ƙara girman baƙaƙen, a haɗa da ƙusa. Abin da yake jin nauyin karanta mata da bakinsa, ya ba ƙanwarsa ko malamar Islamiyyarsu. Idan ya samu hali, ya kai ta a gwada idonta a kuma auna jininta.

Idan ya dawo hutu na gaba, ya tambaye ta, "Inna, wanne ya fi yi miki amfani, me kuma kike so a ƙaro?" Amsar da za ta ba shi ita ce abin da ya kamata ya hau shafin farko na mujallar da har yanzu ba a buga ba.